Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Abin Da Ke Ɓata Tsiro Da Kunun Zaƙi

Kwanan baya wani akawu ya tare ni a bakin kasuwa, ya ce yana da ƙara. Uwargidansa tana sana'ar kunun zaƙi, da ita ta ke sayen sabulu da 'yan kayan yara, amma cikin wata guda sau uku tana hasarar randa cur. Karo na fari kunun ya ƙi zaƙi, sai da ribar duka ta tafi wajen sayen sukari. Na biyu ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, ko almajiri bai karɓa ba. Na uku kuwa ya kwana cikin robobi, gari ya waye duk sun kumbura, da aka buɗe ɗaya sai ya yi tsiri har rufin ɗaki, ga wani wari mai hawa ka. Ita ta ce bakin maƙwabta ne. Shi kuwa ya ce in zo in duba, ko hatsin ne ba shi da kyau.

Na je na duba, na zauna tun daga jiƙo har tata. Babu baki, babu sammu, hatsin ma lafiyarsa lau. Abin da na gani shi ne zan bayyana a nan, tun da ya ke na san ba gidan nan kaɗai ba ne. Jama'a, wanda ya karanta ya daure ya karanta wa iyalinsa, domin su ne masu aikin. Kuma aikin tsiro iri ɗaya ne ko me za a yi da shi, ko kunun zaƙi, ko kunun yara, ko kuwa burukutu da fito irin waɗanda a ke dafawa a ƙasar Filato da kudancin Kaduna da wajen Maguzawa da arewacin Gana. Hanyarsu guda ce tun daga rumbu, sai can gaba ta rabu, zan kuwa nuna inda ta rabu.

Me tsiro ya ke yi?

Ƙwayar hatsi rumbu ce ƙarama. Farin garin da ke cikinta, watau sitaci, abinci ne da aka ajiye wa ɗan tsiron da zai fito. Amma ɗan tsiro ba ya iya cin gari, sai sukari. Saboda haka da ƙwaya ta sha ruwa ta farka, sai ta shiga yin wani sinadari mai yanka sitaci gunduwa gunduwa har ya koma sukari. Masana suna kiransa amilas, ni kuwa a nan zan riƙa ce masa ƙarfin tsiro. Mai yin tsiro wayo ya ke yi wa hatsi: ya bar shi ya tara wannan ƙarfi, sa'an nan ya shanya shi kafin ya cinye abincin, ya kai ƙarfin cikin tukunya ya yi masa aiki.

Kowace uwa ta san wannan sinadari ko da ba ta san sunansa ba, domin akwai irinsa cikin yawun mutum. Shi ya sa in yaro ya yi ta mai da ludayi daga baki zuwa ƙwarya, koko mai kauri ya kan tsinke ya zama ruwa tsululu. Ku riƙe wannan misali. Kunun da aka sa wa tsiro bai tsinke ba, ƙarfin tsiron bai yi aiki ba ke nan.

Hatsin da ya ƙi tsira

Mataccen hatsi ba ya tsira, ko an kwana ana yi masa ban ruwa. Surfaffen gero ya mutu. Shinkafar da aka turara ta mutu, sai shanshera ɗanya mai ƙaiƙayinta ita ke yin tsiro. Dawar da ƙwari suka huda, da wadda ta shekara biyu a rumbu mai zafi, rabi ta tsira rabi ta ruɓe, kuma ruɓaɓɓiyar ita ke ɓata mai rai. Sabuwar dawa ma wani iri ya kan yi nawa in an jiƙa shi da ɗumin girbi, sai ya huta 'yan makonni. Gwajin kuwa ba wuya, shi ne wanda mu ke koya wa manoma kafin shuka. A ƙirga ƙwaya 100, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa kwana 3 ana yayyafa ruwa. In 90 ko fiye sun fito, a saya. In ba su kai 80 ba, a yi tuwo da shi.

A tauna 'yan ƙwayoyi kuma. Akwai jar dawa mai bauri wadda ko tsuntsu ba ya so, baurin nan kuwa ɗaure ƙarfin tsiro ya ke yi. Ba kowace jar dawa ke da shi ba, harshe ne alƙali. Kaura da farafara ba su da wannan aibi.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne ragowar iri. Bayan shuka a kan ga iri mai araha a kasuwa, ƙwaya tubarkalla, babu hudar ƙwaro ko ɗaya, kuma yana tsira sarai tun da don shuka aka tanade shi. To, irin nan an cuɗa shi da maganin ƙwari da na fumfuna, shi ya sa a ke rina shi ja ko kore ko shuɗi don kowa ya gane. Wanki yana fid da launin, ba ya fid da dafin duka. Kada a yi tsiro da shi, kada a ba kaji. Haka nan hatsin da ka ji yana warin magani, ko ɗan kasuwa ya rantse ka bar masa kayansa. Araha ba ta ado.

Jiƙo da shimfiɗa

Hatsi numfashi ya ke yi kamar mu. Wanda aka bari kwana biyu cikin ruwa guda ya shaƙe, ruwan ya yi kumfa ya yi ɗoyi, tun daga nan kunu ya lalace ba a sani ba. A wanke hatsi, a kwashe abin da ya taso sama. A jiƙa awa 6 ko 8, a tsiyaye, a bar shi ya sha iska awa 2, a sake sabon ruwa. Jimlar jiƙon dawa awa 16 zuwa 24 ya isa, gero bai kai haka ba don ƙwayarsa ƙarama ce. Alamar ya ƙoshi, ƙwaya ta yi laushi farce ya shige ta, ga ɗan farin baki ya leƙo a gindinta. Waɗansu tsofaffi su kan yi jiƙon farko da tataccen ruwan toka sa'an nan su ɗauraye. Wannan dabara ce mai kyau, tana rage fumfuna tana rage bauri, manyan masana'antu ma irinta su ke yi da nasu sinadarin.

Daga nan a shimfiɗa kan wankakken buhun algarara ko tabarma, kauri kada ya wuce faɗin yatsa huɗu, a rufe da wani jiƙaƙƙen buhu. Dawa ta fi son ɗumi na digiri 25 zuwa 30. Da hunturu ta kan yi nawa, sai a kai ta ɗaki a ƙara mata kwana. Da bazara kuwa tsibin da kansa ya ke ɗaukar zafi, in ka tura hannu ka ji kamar jikin mai zazzaɓi, to, ya fara dahuwa. A baza shi, a juya safe da yamma, a yayyafa ruwa gwargwadon yadda zai jiƙu ba ya kwanta ba. Kwana 3 zuwa 5 ya yi. Wanda ya bari har ya yi kore kamar gonar fadama ya yi hasara, tsiron ya cinye abincin da a ke nema.

Fumfuna

A nan zan daɗe kaɗan, domin maganar rai ce. Ɗumi da laima da tsiro ke so, su fumfuna ke so. Mata da yawa in sun ga baƙi baƙi ko kore kore a jikin tsiro su kan wanke su shanya, su ce ai wuta za ta kashe kome. Wuta tana kashe fumfunar, amma akwai wata iri mai launin kore da rawaya wadda ke barin dafi cikin ƙwaya, dafin nan kuwa tafasa ba ta karya shi. Sunansa aflatoksin. An gano shi ne bayan shekarar 1960, lokacin da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila saboda ƙuli-ƙulin gyada da aka kawo daga Barazil. Ba ya da ɗanɗano, kuma ba kasafai ya ke kayar da mutum nan take ba. A hankali ya ke cin hanta, yana jawo ciwon dajin hanta, yana tsumburar da yara. Gyada da masara ya fi kamawa, amma dawa mai laima ba ta tsira daga gare shi ba. Tsiron da ya yi fumfuna a haƙa rami a binne. Kada a ba akuya mai shayarwa ko saniyar tatsa, domin yana bi ta cikin nono.

Wanda fumfuna ta dame shi ya duba abu uku: buhun da ya ke rufi da shi, ko ana wankewa ana shanyawa a rana tsakanin aiki da aiki, fasassun ƙwayoyi, ko ana tsince su, da ruwan yayyafi, ko ya yi yawa.

Dafin da ke cikin saiwa

Kowane makiyayi ya san gyauron dawa yana kashe saniya, ta ci da safe kafin azahar ta faɗi tana haki. Dafin da ke cikin gyauro irin na rogo mai ɗaci ne, shi ne kuwa ke cikin saiwa da ɗan kan tsiron dawa. Ƙwayar dawa busasshiya ba ta da shi sai ɗan abin da ba ya kome, amma da ta tsira sai ya taru a cikin sassan nan masu fitowa. Shanya kaɗai ba ta raba tsiro da shi. Abin yi, in tsiro ya bushe ƙayau a murje shi da tafin hannu ko cikin buhu, saiwa da kai su kakkarye, a sheƙe, a bakace da faifai har sai ƙwaya zalla ta rage. Mafi yawan dafin ya tafi ke nan, ɗan saura kuma zafi da kwanan kunu su kore shi. Na sha ganin ana kai tsiro inji da gashinsa duka, wai kada a yi hasarar auki. Aukin nan shi ne ke sa kunu ɗaci, shi ne kuma ke sa mai sha ciwon kai da jiri. Abin da aka sheƙe ɗin ma kada a tara wa 'yan awaki su ci da yawa a lokaci guda. Tsiron shinkafa da na gero ba su da wannan damuwa, ina tsammani shi ya sa matan birni suka fi son na shinkafa.

Wajen shanya, a baza shi siriri a rana kwana 2 ko 3, har ƙwaya ta yi ƙaras a haƙori. Kada a gaggauta shi da wuta ko a soya a kasko, zafi mai yawa a kan jiƙaƙƙen tsiro kashe ƙarfinsa ya ke yi. Kada kuma a shanya a gefen titi ko a bar shi ya kwana a waje. Ɓera na zuwa, fitsarinsa da kashinsa kuwa su ke kawo zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganewa a garin Lasa ta ƙasar Barno a 1969.

Kunun da ya ƙi zaƙi

Yanzu mun zo ga randar farko ta uwargidan akawu. Tsironta mai kyau ne, na tauna na ji zaƙi. Ta markaɗa geronta da citta da kanumfari, ta raba ƙullun biyu kamar yadda kowa ke yi, ta sheƙa tafasasshen ruwa a babban kason ya yi kauri. Sai kawai na ga ta ɗauko ƙaramin kason mai tsiro da dankali za ta juye nan take, tururi na tashi. Na ce, “Uwargida, dakata. Kullum haka ki ke yi?” Ta ce a'a, dā ta kan bari ya huce, amma tun da ta ƙara yawan kunun dare ke yi mata, shi ya sa ta ke haɗawa ta kwanta.

Ga abin da ke faruwa. Sitacin dawa da gero ba ya buɗewa sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko fiye, in kuwa bai buɗe ba ƙarfin tsiro ba ya iya cinsa da sauri. Amma shi ƙarfin tsiro, zafin da ya wuce digiri 70 ɗin nan shi ke kashe shi, musamman ɓangarensa mai kawo zaƙi, wanda ya fi rauni. Watau zafin da gari ke bukata shi ne ajalin tsiro. Kakanninmu ba su da ma'aunin zafi, amma sun warware wannan matsala sarai da suka raba ƙullu biyu: a dafa ɗaya, a bar ɗaya ɗanye, a jira, a haɗa. Masu burukutu ma haka su ke yi ta wata hanya, su kan tsiyaye ruwan saman ƙullu su ajiye, su dafa na ƙasan, sa'an nan su mayar. Mutanen Turai da sha'ir su ke aiki, shi kuwa sitacinsa yana buɗewa tun zafi bai kai na kisa ba, don haka littattafansu ba su cika damuwa da wannan ba. Wanda ya bi su ido rufe da dawa zai sha mamaki.

Daidai wurin haɗawa shi ne digiri 60, ko ƙasa kaɗan. In babu ma'auni, a wanke hannu a taɓa da ɗan yatsa: in ya shiga ka ƙirga uku kafin ka janye, ya yi. In ba ka iya taɓawa sam, da saura. In kuwa yatsa ya zauna daram kamar ruwan wankan jariri, an makara, tsiro zai yi aiki a hankali, masu tsami su riga shi. Babbar randa ta fi ƙarama daɗewa ba ta huce ba, abin da ya ruɗi uwargida ke nan, gara a raba damun cikin mazubi biyu a riƙa motsawa. Bayan an haɗa a rufe a naɗe da buhu don ɗumin ya daɗe. Cikin minti kaɗan za a ga ya tsinke, bayan awa 1 ko 2 a ɗanɗana a ji zaƙi. Ni abin da na ga yana yi, mudu guda na tsiro mai ƙarfi ga mudu huɗu ko biyar na hatsi.

Busasshen dankalin Hausa da a ke sakawa, waɗansu suna zaton don zaƙin kansa ne. Yana da zaƙi, gaskiya, amma babban amfaninsa shi ne yana cike da ɓangaren nan mai kawo zaƙi, wanda tsiron dawa ke da ƙarancinsa. Saboda haka shi ma ɗanye a ke sa shi, tare da tsiro. Wadda ta markaɗa shi cikin babban kaso ta sheƙa masa tafasasshen ruwa ta kashe shi. Dankalin da ya yi baƙi wajen shanya kuma a tsince a yar, yana kawo ɗaci.

Tsami, yauƙi da kumfa

Da sukari ya samu, baƙi sun samu. Akwai waɗansu 'yan halittu da ido ba ya gani sai da madubin likita, suna jikin hatsi, da ƙwarya, da rariya, da hannu. Wani Bafaranshe mai suna Luwi Fasto shi ya nuna a 1857 cewa su ke sa abu ya yi tsami, daga baya a 1876 ya rubuta littafi guda a kan cututtukan giya, don masu dafa ta a ƙasarsu suna hasara irin ta uwargidan akawu. Iri uku suka shafe mu.

Na fari su ne masu tsamin nono. Su abokai ne, su ke ba kunu ɗan tsamin nan mai daɗi cikin kwanan da ya ke yi na awa 8 zuwa 10, tsamin kuma yana hana miyagun ƙwayoyin cuta sakewa. Amma ba su san ya isa ba. Da bazara awa 6 ma ta ishe su, wadda ta haɗa da magariba ta bari har hantsi za ta tarad da abin da ke kashe haƙori. A cikin danginsu akwai masu saƙa yauƙi, su kuwa sukarin rake su ka fi so. Randa ta biyu ke nan. Uwargida ta ji kunu ba zaƙi, sai ta zuba sukari tun da dare, ta tace da wani tsumma da ba ya ganin rana, cikin randar da a ke ɗaurayewa da ruwan sanyi kawai. Randar ƙasa da ƙwarya da muciya suna da 'yan ƙofofi inda halittun nan ke ɓuya, in yauƙi ya shiga gida sai ya yi ta dawowa. Maganinsa a wanke kome da sabulu, a ƙona da tafasasshen ruwa, a kife a rana. Tsumman tata a tafasa shi kullum. Ƙwaryar da ta tsage a sallame ta. Sukari kuwa kada a sa sai an tace za a fita da shi. A lura da injin markaɗe kuma, in an gama niƙa wake ko tattasai a sa mai inji ya wanke kafin a zuba.

Na biyu shi ne yis, irin wanda ke tayar da burodi. Shi sukari ya ke ci, ya fid da iska da barasa. Nan ne hanya ta rabu. Mai burukutu da gangan ta ke kiransa: ta tafasa ruwan tsiron awoyi bayan ya yi tsami, ta bari ya huce sarai, ta zuba gindin tsohuwar giya, ta ba shi kwana ɗaya ko biyu. Nata kuka shi ne ya ƙi tashi, ko don ta zuba gindin da sauran zafi ya mutu, ko don sanyin hunturu, ko don tun farko babu zaƙin da zai ci. Mai kunu kuwa kukanta ya tashi ba ta kira shi ba. Kunun da aka tace yau abin da ke cikinsa na barasa bai taka kara ya karya ba. Amma in ya wuni ya kwana cikin zafi, ga sukari, yis ba ya tambayar niyyar mai randa. Alamunsa ba su ɓuya: kumfa mai tasowa da kanta, 'yar ƙara in ka kara kunne, roba ta yi tauri, ɗanɗano mai tsikarin harshe. Hukuncin shansa na malamai ne, su za a tambaya. Nawa in gaya muku abin da ke cikin robar, wanda ya kai nan ya kama hanyar giya, kowace awa kuma ƙaruwa ya ke yi.

Randa ta uku kuwa, uwargida ta yi abin da masu sana'a da yawa ke yi: ragowar jiya ta juye cikin sabo don kada ta yi hasara. Ba ta sani ba, aikin mai burukutu ta yi daidai, ta zuba gindi. Robobin ma tsintattu ne, an ɗauraye su sama sama. Kwalba ta fi haɗari, domin ita fashewa ta ke yi, ta kan kuwa tafi da ido.

Na uku su ne masu mai da barasa ruwan tsami mai kaifi irin na kanti. Iska su ke so, ƙananan ƙudajen nan masu shawagi a kan ruɓaɓɓen mangwaro su ke yawo da su. Su ne ƙarshen kowace randa da aka bari buɗe, ta kunu ko ta giya.

Kunun zaƙi abincin yini guda ne, a dama gwargwadon ciniki. Wanda ke da firji ko ƙanƙara ya sanyaya shi da an tace, sanyi yana sa halittun nan barci amma ba ya kashe su. Wanda ba shi da su, akwai dabarar da Fasto ya bari: a ɗora tataccen kunu a wuta ana motsawa, ya yi zafi kamar digiri 70, ba tafasa ba, a riƙe shi haka rabin awa, a zuba cikin mazubi mai tsabta a rufe. Zai ɗan ƙara kauri saboda ɗanyen garin da ke ciki, sai a yi damun da ruwa ruwa tun farko. Wannan ya kan ƙara masa kwana.

Ruwa da mazubi

Tafasasshen ruwa a ke damu da shi, amma da wane ruwa a ke tatawa, da wanne a ke ƙara auki? Na rijiya, ɗanye. Ƙanƙarar ma ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba. Ta nan kwalara da taifot ke shiga, tsamin kunu kuwa bai isa a dogara gare shi ba. Duk ruwan da zai taɓa kunu bayan damu a tafasa shi a bari ya huce, ƙanƙara kuma a jera ta a bayan roba, kada a jefa ciki.

Abu mai tsami yana cin ƙarfe. Bokitin kwano mai farin shafe da tsohuwar gangar ƙarfe suna narkewa kaɗan kaɗan cikin kunu, su ba shi ɗanɗanon tsatsa, su sa amai. Bokitin fenti, da jarkar maganin feshi, da duron da ba a san abin da ya ɗauko ba, ko an wanke sau goma ba na abinci ba ne. Masu ƙara wa abin sha waɗansu sinadarai don ya yi ƙarfi kuma su tuna da 2015, lokacin da mutane da yawa suka mutu, waɗansu suka makance, a jihohin Ondo da Ribas saboda ogogoro mai guba.

Wani amfanin tsiro

Garin tsiro yana da wani aiki da na fi so a sani. Yaron da a ke yaye cikinsa ƙarami ne. In an dama masa koko mai kauri ba ya iya haɗiya, in an tsinka da ruwa ya cika ciki da ruwa ya rame. To, a dama da kauri sosai, a bari ya ɗan huce, a barbaɗa ƙaramin cokali guda na garin tsiro a motsa. Nan da nan zai tsinke ba a ƙara ruwa ko ɗigo ba, sai a mayar wuta ya tafasa sa'an nan a ba shi. Ludayi guda na wannan ya fi biyu na tsinkakke. A Tanzaniya ma'aikatan lafiya sun daɗe suna koya wa mata haka, suna kiran garin kimeya. Don yara a yi da tsiron gero ko na shinkafa, in kuwa na dawa ne a tabbata an murje an bakace.

Manoma da 'yan kasuwa kuma su sani dawa mai tsira kuɗi ce. A 1988 gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, dole masana'antun giya da na lemon malta suka koma ga dawa, gajerar kaurar nan SK 5912 ta Samaru tana cikin waɗanda suka fara karɓa. Tun daga lokacin dawa ta samu gindin zama a wurinsu, wakilansu suna saye a manyan kasuwanni irin Dawanau. Abin da su ke dubawa shi ne abin da na ce uwargida ta duba: iri guda ba gauraye ba, busasshe, ba fumfuna, ba ƙwaro, ba warin magani, sa'an nan su ƙirga ƙwaya su jiƙa su gani. Dawar da aka bari a ƙasa raɓa na dukanta bayan girbi ba ta cin wannan jarrabawa. A mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan yi bayanin yadda a ke shanya ta da ajiye ta cikin buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari ba tare da magani ba.